Da wace tiya ake auna mai horarwa da darekta?

Ranar 23 ga watan Fabrairu na shekarar 2017, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Leicester City da ke ƙasar Ingila ta sallami mai horar da ƴan wasanta, Claudio Ranieri, mutumen Italiya. Wata tara kacal kafin wannan rana, shi ne ya jagoranci ƙungiyar ta ci kofin gasar Firimiya, karo na farko cikin shekara 132 da kafa ta, a kakar da masu caca suka ƙiyasta cewa yiwuwar hakan ɗaya ce cikin dubu biyar. A watan Janairu, mako shida kafin sallamar, hukumar FIFA ta ba shi lambar gwarzon mai horarwa na duniya. Kwana 16 kafin a raba gari da shi, shugabannin ƙungiyar sun fitar da sanarwa suna tabbatar wa jama'a cewa suna bayansa ba gudu ba ja da baya.

Nan take masu sha'awar ƙwallo suka rabu gida biyu. Wasu suka ce wannan butulci ne tsantsa, an ci moriyar ganga an yada kwaurenta. Wasu kuma suka ce a dubi teburin gasa: ƙungiyar tana ta 17 cikin 20, maki ɗaya ne tsakaninta da masu faɗuwa zuwa rukuni na biyu, ta sha kaye sau biyar a jere, kuma tun shigowar sabuwar shekara ba ta jefa ƙwallo ko ɗaya a raga ba cikin wasa shida na gasar. Abin lura shi ne, da masu yabo da masu zargi duk kan mutum guda suke magana. Kaɗan ne suka waiwayi mutanen ofis, waɗanda suka saya masa ƴan wasa suka kuma sayar da wasu. A nan ne tambayar da ta wuce ƙwallo take: idan aiki ya bi ta hannuwa da yawa kafin ya kammala, ta yaya za a ba kowane hannu haƙƙinsa na yabo ko na zargi ba tare da an zalunci wani ba?

Mai girki da mai cefane

A manyan ƙungiyoyin ƙwallo na zamanin nan, aikin da a da mutum guda ke riƙewa an raba shi biyu. Mai horarwa, wanda ƴan kallo ke kira koci, shi ke tare da ƴan wasa kullum. Shi ke tsara atisaye, ya zaɓi mutum 11 da za su shiga fili, ya yanke wanda zai fita da wanda zai canje shi. A bayansa akwai mutumen ofis, wanda a Turai ake ce wa darektan wasanni, a Amurka kuma babban manaja. Shi ke da alhakin sayen ƴan wasa da sayar da su, da tsawon yarjejeniyarsu, da albashinsu, da cibiyar renon matasa. Sau da yawa kuma shi ke ba mai ƙungiya shawarar wanda za a ɗauka koci da ranar da za a sallame shi. Watau ɗaya na girki, ɗaya na cefane. Wanda ya ci tuwo ya ji miya babu daɗi, mai girki yake gani a gabansa, don bai je kasuwa ya ga abin da aka sayo ba.

A Leicester, cefanen da ya kawo kofi an fara shi tun kafin zuwan Ranieri. Jamie Vardy, wanda ya ci ƙwallo 24 a kakar nasarar, an sayo shi a 2012 kan fam miliyon ɗaya daga Fleetwood Town, inda ya yi wasa a rukuni na biyar na Ingila. Riyad Mahrez, ɗan Aljeriya, ya zo a watan Janairu na 2014 daga Le Havre ta rukuni na biyu na Faransa, kan kuɗin da bai kai rabin miliyon ba. N'Golo Kanté, wanda aka haifa a Paris daga iyaye ƴan asalin Mali, ya zo daga Caen a 2015 kan fam miliyon 5.6. Mutumen da ke jagorantar neman ƴan wasa a lokacin, Steve Walsh, shi ake danganta wa gano waɗannan ukun. Ƙungiyar kanta Nigel Pearson ne ya haɗa ta. Shi ya fito da ita daga rukuni na biyu a 2014, shi ne kuma ya cece ta a 2015, lokacin da take ta ƙarshe a tebur sannan ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshe. Duk da haka aka sallame shi a watan Yuni na wannan shekara saboda saɓani da masu ƙungiyar.

Shi kuwa Ranieri ya zo ne da tabo. A watan Nuwamba na 2014 ƙasar Girka ta sallame shi bayan ƴan tsibiran Faro, ƙasar da jama'arta ba su wuce na wani ƙaramin gari ba, sun doke ƙungiyarta a gida. To, ko wannan na nufin ya tarar da tuwo ne a tuƙe, ya sa hannu kawai? Faɗin haka zalunci ne. Ya mai da tsarin wasa zuwa masu tsaron baya huɗu, ya haɗa Kanté da Danny Drinkwater a tsakiyar fili, ya gina wasan ƙungiyar kan kwace ƙwallo da kai farmaki cikin sauri. Ya riƙe mataimakan da ya tarar, ya kuma kwantar da hankalin ƴan wasan da ba su taɓa ɗaukar irin wannan nauyi ba. Sanin abin da bai kamata a taɓa ba shi ma gwaninta ne, kuma ba kowane sabon shugaba ke da shi ba. Amma rabonsa a nasarar rabo ne cikin rabo, ko da yake hotonsa ne ya cika jaridu.

Sai cefane ya canja. A watan Yuli na 2016 aka sayar da Kanté ga Chelsea kan wajen fam miliyon 32, Walsh kuma ya koma Everton. Aka sayo Nampalys Mendy daga Nice don ya cike gurbin Kanté, ya ji rauni a idon sawu a wasansa na farko na gasar, kusan duk kakar bai amfanu ba. Aka sayo Islam Slimani, ɗan Aljeriya, daga Sporting ta Lisbon da tsada mai yawa. Aka kuma sayo Ahmed Musa, haifaffen Jos wanda ya yi suna a Kano Pillars, daga CSKA ta Mosko kan wajen fam miliyon 16. Musa ɗan wasa ne na gaske: ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya sake cin Iceland biyu a ta 2018. Amma makaminsa gudu ne, wanda shi ne makamin Vardy, alhali ɓarakar ƙungiyar a tsakiyar fili take. Ƙwallo biyu kawai ya ci a gasar Firimiya a kakarsa ta farko. A watan Janairu na 2017 kuma, daidai lokacin da ƙungiyar ta kasa cin ƙwallo, Mahrez da Slimani suna Gabon wajen gasar kofin Afirka. Kanté, a nasa ɓangaren, ya sake ɗaukar kofin Firimiya tare da Chelsea a wannan kakar.

Rabon sa'a a cikin hukunci

A shekarar 1976 wasu masana falsafa biyu, Bernard Williams na Ingila da Thomas Nagel na Amurka, suka tayar da wata muhawara kan matsayin sa'a a cikin hukuncin ɗabi'a. Kowa ya yarda cewa bai kamata a kama mutum da abin da ba ya hannunsa ba. Amma a aikace mutane na yin haka kullum. Ga direbobi biyu da suka yi sakaci iri ɗaya, ba wanda ya duba birkin motarsa. Ɗaya ya isa gida lafiya, ɗaya kuma yaro ya gitta masa. Sakacinsu ɗaya ne, amma na farko ba wanda zai tuna da shi, na biyu kuwa zai ɗauki sunan mai kisa har ƙarshen ransa. Bambancin da ke tsakaninsu yaron da ya gitta ne, kuma ba ɗayansu da ya aiko shi.

Ƙwallon ƙafa na cikin wasannin da sa'a ke da babban rabo, domin ƙwallayen da ake ci kaɗan ne. Bugu ɗaya da ya daki turke ya dawo, ko ya daki turke ya shiga, yana iya raba maki uku da babu. A kakar nasararta Leicester ta tara maki 81, ta sha kaye sau uku kawai cikin wasa 38. Ƙoƙari ne babba. Amma manyan ƴan wasanta ba su yi fama da rauni ba, ba ta da wahalar wasannin Turai a tsakiyar mako, kuma manyan ƙungiyoyi sun yi tuntuɓe a lokaci guda, har Chelsea mai riƙe da kofi ta ƙare ta goma. A kakar da ta biyo, Chelsea ta tara maki 93, Tottenham 86. Da Leicester ta maimaita maki 81 ɗinta daidai, da ta uku za ta zo. Hausawa sun ce sa'a ta fi manyan kaya, amma sukan manta da wannan magana idan sun zo raba yabo da zargi.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta lissafi da ke ruɗa masu hukunci. Tun a 1886 Francis Galton ya lura cewa ƴaƴan iyaye masu tsawon gaske sukan fi kusa da matsakaicin tsawo fiye da iyayensu. Duk abin da sa'a ke da hannu a ciki, idan ya yi nisa sama ko ƙasa, yakan dawo kusa da inda ya saba. Ana sallamar koci ne a lokacin da ƙungiya ke can ƙasan rami, watau lokacin da ya fi yiwuwa ta ɗan farfaɗo ko an sallame shi ko ba a sallame shi ba. Wani masanin tattalin arziki na ƙasar Holan, Bas ter Weel, ya bi diddigin ƙungiyoyin ƙasarsa daga 1986 zuwa 2004. Ya tarar cewa waɗanda suka sallami koci bayan mummunan jerin wasanni sun farfaɗo, amma waɗanda suka shiga irin wannan hali suka haƙura da nasu su ma sun farfaɗo kusan daidai wa daida.

Da wannan ido ya kamata a dubi abin da ya faru bayan tafiyar Ranieri. Mataimakinsa, Craig Shakespeare, ya karɓi aiki, ya doke Liverpool da ci 3 da 1 bayan kwana huɗu, ya ci wasa biyar a jere a gasar, ya fitar da Sevilla daga gasar Zakarun Turai, ƙungiyar ta ƙare ta 12. Masu goyon bayan sallamar suka ce gani ya kori ji. Aka ba Shakespeare yarjejeniyar shekara uku a watan Yuni. A watan Oktoba na wannan shekarar aka sallame shi, ƙungiyar tana ta 18, da nasara ɗaya cikin wasa takwas. Idan wasa biyar sun isa su tabbatar da cewa ya fi Ranieri, to wasa takwas sun isa su tabbatar da cewa bai iya ba. Hukuncin biyu ba za su zama gaskiya tare ba, kuma mafi kusa da hankali shi ne babu ɗaya daga ciki da ke da isasshiyar shaida.

Masu kallon ƙwallo a Nijar sun ga irin wannan da idonsu, ko da yake a ƙungiyar ƙasa ne. A 2011 Harouna Doula ya kai Mena gasar kofin Afirka karo na farko a tarihinta. Ta ci wasanta uku na gida a Yamai, ta sha kaye a uku na waje, ta kuma wuce ne domin ƴan Afirka ta Kudu sun yi wa dokar gasar mummunar fahimta, suka gamsu da kunnen doki a wasansu na ƙarshe suna zaton sun tsallake. A watan Disamba hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Doula gwarzon mai horarwa na shekara. A watan Janairu na 2012, bayan Gabon ta doke Mena da ci 2 da nema a wasan farko, aka mai da shi baya aka ba Bafaranshe Rolland Courbis ragama. Sauran wasanni biyun ma an sha kaye. Doula na watan Disamba da Doula na watan Janairu mutum ɗaya ne, da ilimi ɗaya, da ƴan wasa ɗaya.

Laifin da ke nuna da wuri da wanda ke jinkiri

Sa'a tana taɓa koci da darekta duka, amma lokaci ba ya yi musu daidai. Kuskuren koci yana bayyana cikin minti 90, a gaban dubban ƴan kallo da na'urorin ɗaukar hoto, kuma da an tashi wasa dole ya tsaya gaban ƴan jarida ya amsa. Kuskuren darekta kamar iri ne da aka binne, sai bayan damina biyu ko uku ake ganin abin da ya tsiro, lokacin da mutane suka manta wanda ya shuka. Ana yanke shawarwarinsa a ɗaki rufe, tare da mai ƙungiya da dillalan ƴan wasa, kuma ba doka da ta tilasta masa fitowa ya yi bayani.

Wani lokaci ma kuskuren ofis yana fitowa fili, amma wani ke biya. A ranar ƙarshe ta kasuwar ƴan wasa a 2017, Leicester ta sayar da Drinkwater ga Chelsea, ta sayo Adrien Silva daga Sporting ya maye gurbinsa. Takardun rajistarsa suka isa FIFA a makare da daƙiƙa 14. Saboda haka ɗan wasan da aka biya fam miliyon 22 dominsa bai samu damar buga wasa ba sai a watan Janairu na 2018. Shakespeare bai cika takarda ba, bai aika ta ba, amma shi ya shiga kaka da giɓi a tsakiyar fili, shi ne kuma aka sallama tun Silva bai taɓa ƙwallo ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Jon Rudkin ya hau kujerar darektan ƙwallo na Leicester a ƙarshen 2014. Daga wannan lokaci zuwa faɗuwar ƙungiyar a 2025, masu horarwa tara suka yi aiki a zamaninsa: Pearson, Ranieri, Shakespeare, Claude Puel, Brendan Rodgers, Dean Smith, Enzo Maresca, Steve Cooper da Ruud van Nistelrooy. Adalci ya wajabta a karanta littafinsa shafi biyu. A shafin farko akwai kofin 2016, da kofin FA na 2021 wanda ƙungiyar ba ta taɓa ci ba sai lokacin, da sayen Wilfred Ndidi ɗan Najeriya, da Harry Maguire wanda aka sayo kan fam miliyon 17 a 2017 aka sayar wa Manchester United kan miliyon 80 bayan shekara biyu. A shafi na biyu akwai asarar da ta haura fam miliyon 90 a kakar 2021 zuwa 2022, da wata mai kusan haka a kakar da ta biyo, da manyan ƴan wasa irin su Youri Tielemans da aka bari yarjejeniyarsu ta ƙare suka tafi kyauta, da faɗuwa rukuni na biyu a 2023 da kuma 2025. A kakar 2024 zuwa 2025 ƙungiyar ta sha kaye sau tara a jere a gidanta ba ta ci ƙwallo ko ɗaya ba. Sai a waɗannan shekarun ne ƴan kallo suka fara kiran sunansa a fili suna neman ya sauka. Koci kan samu mako shida ko takwas kafin a yanke masa hukunci, darekta kuwa ya samu kusan shekara goma.

Rashin daidaiton ya fi nauyi idan aka tuna da abin da masu bincike suka gano game da kuɗi. Stefan Szymanski da Simon Kuper, a littafinsu na 2009 kan tattalin arzikin ƙwallo, sun nuna cewa idan aka ɗauki shekaru masu yawa, yawan albashin da ƙungiyoyin Ingila ke biya yana bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na bambancin matsayinsu a tebur. Albashi da cefane a hannun ofis suke. Ke nan wanda ya fi riƙe da sanadin nasara mai ɗorewa shi ya fi nisa da hukunci, wanda rabonsa ya fi ƙanƙanta shi ke bakin wuƙa. Amma kada a ɗauka cewa idon darekta ba ya kuskure ko sa'a ba ta yi masa aiki. Walsh da ya gano Kanté da Mahrez, da ya je Everton aka ba shi kuɗi masu yawa, cefanen 2017 bai yi albarka ba. Aka sallami koci Ronald Koeman a watan Oktoba, shi kuma ya bi bayansa a watan Mayu na 2018.

Hujjar masu sallama

Akwai magana mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai dace a raina ta ba. Ƙungiyar ƙwallo ba kotu ba ce. Faɗuwa daga gasar Firimiya na nufin asarar miliyoyin fam na kuɗin talabijin, da rage ma'aikata, daga masu gyaran ciyawa har masu sayar da tikiti, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A tsakiyar kaka ba a iya sallamar ƴan wasa 25, ba a iya sayo sababbi idan kasuwa ta rufe, kuma sauya darekta a watan Fabrairu ba zai canja wasan Asabar mai zuwa ba. Koci kaɗai ne ake iya taɓawa. Ranieri ma ba wankakke ba ne: a watan Janairu na 2017 ya yi ta sauya tsarin wasa daga mako zuwa mako, ya sha kaye da ci 3 da nema a hannun Chelsea da Southampton, abin da ke hannunsa ne ɗungurungum. Idan amana ta lalace tsakanin shugaba da waɗanda yake jagoranta, mai gida na iya raba su ko da bai gama gano mai gaskiya ba.

Wannan hujja tana halatta sallama a matsayin matakin ceto, amma ba ta mai da ita hukunci ba. Tambayoyi biyu ne daban: wa ya kamata ya tafi yau don a tsira, da kuma wa ya jawo halin da ake ciki. Ɓarnar tana faruwa ne idan aka bar amsar ta farko ta rufe ta biyu, aka ɗauka cewa tunda an kori mutum guda an gama bincike. A lokacin ne sallama ke zama sutura ga waɗanda suka rage. Kuma wanda aka sadaukar don larura yana bin masu sadaukar da shi bashi guda, watau gaskiya. Abin da ya fi muni a labarin Ranieri shi ne sanarwar goyon bayan da aka yi masa kwana 16 kafin sallama, domin ta nuna cewa maganar shugabanni ba ta da nauyin da za a jingina da ita.

Wata hujjar kuma ita ce, idan aka daina hukunci da sakamako, kowa zai fake da sa'a, rago ya ce rabo ne bai zo ba. Wannan ma gaskiya ce. Sakamako shaida ne, kuma ba a shari'a babu shaida. Sai dai alƙali na gari ba ya yanke hukunci da bakin shaida guda, yana kuma tambayar ko shaidar ta ga abin da take faɗa. Wasa biyar shaida ce mai rauni, kaka uku shaida ce mai ƙarfi. Sakamakon Asabar ya ga aikin koci da ɗan dama, amma aikin darekta daga nesa ya hango shi.

Kowa da tiyarsa

Abin da ke fitowa daga duk wannan shi ne, kowanne a auna shi da abin da aka damƙa masa, da abin da zai iya sani ranar da ya yanke shawara, da kuma tsawon lokacin da aikinsa ke bukata kafin ya nuna. Ga koci, abin tambaya shi ne ko ya fitar daga ƴan wasan da aka ba shi fiye da abin da wani zai fitar, ko matasa sun ƙaru a hannunsa, ko yana gyara kuskurensa idan ya gane shi. Ga darekta, a duba ko ya sayi abin da ƙungiya ke bukata ko abin da ke ƙyalli, ko ya tanadi magaji kafin ya sayar da ginshiƙi, ko ya bar baitulmali da lafiya. A kuma lissafa masa masu horarwar da ya kawo, domin wanda ya zaɓi mutum da kansa sannan ya kore shi bayan wata huɗu ya ba da shaida ne a kan zaɓinsa. A saman su biyun akwai mai ƙungiya, wanda ya naɗa su duka, wanda kuma babu mai iya sallamarsa. Shi ya fi kowa bukatar ya auna kansa, tunda ba wanda zai yi masa.

Malaman makaranta sun san wannan matsala ba tare da sun shiga filin ƙwallo ba. Ranar da sakamakon jarrabawar BEPC ya fito, malamin ajin ƙarshe ake yabo ko zargi, alhali ɗalibin ya bi ta hannun malamai da yawa, wasu sun gina wasu sun bar giɓi, kuma akwai wanda ya yanke yawan yaran da za a cusa a aji da littattafan da za a aiko. Yabon da ya wuce kima da zargin da ya wuce kima uwarsu ɗaya, watau gaggawar neman fuska guda da za a rataya wa aikin jama'a.

Rayuwar Ranieri bayan Leicester ta ƙara nuna raunin hukuncin gaggawa. Fulham ta sallame shi a 2019, Watford ta sallame shi a 2022, aka ce zamaninsa ya wuce. A 2023 ya fito da Cagliari daga rukuni na biyu na Italiya, ya kuma tsirar da ita a kakar da ta biyo. A watan Nuwamba na 2024, yana da shekara 73, ya karɓi Roma tana cikin rikici, ya kai ta mataki na biyar. A 2025 ya bar bakin fili ya koma ofis a matsayin mai ba masu ƙungiyar shawara, watau ya shiga sahun masu zaɓen koci da auna aikinsa. Wanda ya nemi sanin ƙimar mutumen nan daga wata guda na aikinsa zai samu amsar da ta dogara da watan da ya zaɓa. Sai an haɗa shekarun duka, an ware abin da ya yi da hannunsa daga abin da aka miƙa masa, sannan ake iya faɗin magana a kansa da ba za a janye ta Asabar mai zuwa ba.